Muryar Yayana a Kan Rufin Mota

Yayana bai taɓa haɗa magani ba, ko shayin kirki bai iya dafawa ba. Murya kawai Allah ya ba shi, mai kauri da daɗi, shi ya sa kowa ke ce masa Lasifika. Masu sayar da magani a mota sukan kawo masa abin da suke so a faɗa, ya shiga wani ɗan ɗaki da ya liƙe bangonsa da tsohuwar katifa, ya faɗa a naɗa. Washegari sai ka ji shi yana yawo a kan rufin mota: kwalba ɗaya, ciwon suga, hawan jini, basir, ƙoda, duk sun zama tarihi.

Na sha yi masa tsiya. "Yaya, wannan ruwan naka har karaya yake ɗorawa?"

"Ke dai bari. Ni magana aka ba ni, ban ɗura wa kowa ba."

Sai gwamnati ta tashi haiƙan. Aka sanar a rediyo cewa duk maganin da ake talla da alkawarin ƙarya za a kwashe, a kama masu shi. Jami'ai suka fara tare motoci a bakin kasuwa, suna kwance lasifika, suna loda kwalabe. Hankalin Yaya ya tashi. Mutumin da in ya yi gaisuwa sai layi duka ya ji, ya koma raɗa. A shago da yatsa yake nuna abin da yake so, kada a gane muryar. Abin ya ba ni dariya, amma ni ma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa in ga ko jami'ai ne.

Ya ce zai je ya ɓuya a wurin Inna, mahaifiyarmu, na raka shi. Inna ta daɗe da ciwon suga, kuma Yaya ne ke sayo mata ƙwayoyin da likita ya rubuta. Da rana tsaka muka tarar da ita a kwance, ta rame, leɓɓanta sun bushe, ga tsumma ɗaure a babban yatsan ƙafarta.

Ya durƙusa zai tura jakarsa ƙarƙashin gado, sai muka ji ƙarar kwalabe. Ya jawo su, yawancinsu babu komai ciki. A bayansu ga ƙwayoyin asibiti cikin leda, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

"Inna, mene ne wannan?"

"An ce an hana sayarwa, shi ne nake lallaɓa ragowar. Ka samo min wani, tunda ka san masu sayarwar."

"Wa ya ce ki daina shan na likita?"

Ta dube shi da mamaki. "Kai mana. Kullum motar ta wuce ta nan ina jin ka. Ka ce wanda ya sha wannan ya yi sallama da asibiti. Har maƙwabta nake kira su zo su ji."

Na kwance tsumman ƙafarta, yatsan ya yi baƙi.

Yaya ya fita titi a guje ba takalmi, yana ƙwala wa mai tasi kira da dukan muryarsa. Mutane suka jujjuya, har na ji wani yana cewa, "Kai, ba shi ne mai tallar maganin nan ba?"

Inna ta kama hannuna, tana murmushi.

"Kin ji shi ko? Yaron nan bai taɓa yi min ƙarya ba."