Ranar da Mama Ta Daina Hausa

Wata ranar Lahadi ce cikin watan Agusta, wajen ƙarfe huɗu na yamma, a gidana da ke Romi. Mu huɗu ne a falo: ni, da mahaifiyata, da 'yar ƙanwata wadda ke shekarar farko a jami'a tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam, sai wata dattijuwa ta zumuntar matan cocinmu da na ɗauko daga Sabon Tasha don ta yi mana tafinta.

Tun farkon damina Mama ta daina Hausa. Da Hausa ta raine mu, da ita ta yi ciniki a kasuwa, da ita take addu'a. Sannu a hankali kalmomin suka zube, ta koma yaren ƙauyensu, wanda mu haifaffun birni ba mu iya ba sai gaisuwa.

Yarinyar ce ta yi mini bayani. Ta ce ƙwaƙwalwa tana da ajiya iri biyu: ta ɗan lokaci, wadda ke riƙe abin da aka faɗa yanzu, da mai daɗewa, inda ƙuruciya take. Idan tsufa ya taɓa ta, sau da yawa abin da ya shigo daga baya shi ke fara fita.

"Kuma Kawu, tunowa daban, ganewa daban," in ji ta. "Mutum kan kasa kiran sunanka, amma ya ga fuskarka ya san nasa ne."

"A jarrabawa za a tambaye ku wannan?"

"Har an tambaya. Na ci."

Abin da nake so in sani ke nan: ko Mama tana gane ni. Na roƙi dattijuwar ta tambaye ta.

Suka yi magana mai tsawo. Mama har da dariya, tana tafa hannu, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Sannan ta dube ni da kyau, ta faɗi wani abu a hankali.

Dattijuwar ta tsaya gyara ɗankwali.

"Faɗa mini yadda ta faɗa," na ce wa dattijuwar.

"Ɗana, ta ce baƙon nan yana da kirki, kullum yana zuwa. Ta ce a zuba maka fate, kada ka tafi da yunwa. Wai nata yaron yana makaranta, bai dawo ba tukuna."

Yarinyar ta tashi ta shiga kicin. Aka zubo faten, na ci a gaban Mama, tana kallona har na gama. Na gode mata da yarensu, da ɗan abin da na iya.

Dattijuwar ta ci gaba da zuwa duk Lahadi bayan coci. Mama ta rasu bayan Kirsimeti, aka kai ta ƙauye aka binne ta kusa da mahaifiyarta.