Bahon Inna Kubura Mai Dagin Zaki

A Ajingi idan aka ce Inna Kubura ba a tambayar wacce. Shekara talatin da ɗoriya tana yanke cibi tana wankan jego, har ta kai idan ta ratsa kasuwa sai ta riƙa nuna ƙarti masu gemu da baki tana cewa, "Wancan dogon da ƙafa ya fara fitowa, shi ya sa har yau ya kasa zama wuri ɗaya." Matan garin suna tsoron hannunta, suna kuma neman sa. In ta tsoma damin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego a gadon baya, sai an jiyo ihun a gida na uku. Amma ranar arba'in mace takan fito garau, fuska tana sheƙi, sai a ce ai wankan Inna ne. Wannan kalma ta fi mata goro daɗi.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa kwankwasonta ya fara yi mata gardama. Wahalar wankan jego ba a ganye take ba, a tukunya take. A sauke ƙatuwar tukunya daga murhu, a juye a kwatarniya, a kinkima zuwa makewayi, safe da yamma har kwana arba'in. Ita kuwa ba ta yarda wani ya taɓa mata ruwa, wai kafin ya iso ya huce. Wata safiya a wani gida tukunyar ta suɓuce mata ta tarwatse, ruwan ya sale mata bayan ƙafa.

Labari ya iske ɗanta na fari, Maiwada, a tasha. Direban babbar mota ne, yana jigilar gyaɗa da hatsi zuwa Kano. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, an gama. Daga yau ba ke ba ɗaga tukunya. Wankan Talatu ma na riga na yi magana da Baiwa."

Talatu ita ce autarta, tana aure a Gaya da cikin fari wata bakwai, ana shirin kawo ta gida goyon ciki. Baiwa kuma maƙwabciya ce, a hannun Inna ta koyi aikin, mai ruwa ɗumi-ɗumi kamar na wanke kwano. Inna ta dubi ƙafarta da aka shafa wa zuma. A bakinta ta ce to. A ranta kuwa ta hango matan garin suna cewa, ta wanke 'ya'yan kowa, da aka zo kan tata sai aka ɗauko mata haya. Gara ɗayar ƙafar ma ta ƙone.

Dabarar daga bakin Maiwada ta fito, shi bai sani ba. Mutum ne mai son ba da labarin birni. Ran nan yana cin tuwo ya shiga kwatanta wani baho da ya gani a gidan wani Bature da ya kai wa kaya: fari tas, na ƙarfe, tsawon mutum, tsaye bisa ƙafafu huɗu irin dagin zaki. "Wallahi Inna, kaza sai ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta sunkuya ba."

Inna ta dakata da taunar goro. Inda kaza ta wuce, itace ma zai wuce.

Ta bari sai da ya wanke hannu. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Direba, wannan abin da Turawa ke kwanciya a ciki, ka ce yana maganin ciwon baya?"

Bai ce ba, amma nan take ya tuna ya ce. Shekara nawa yana neman abin da zai yi wa uwarsa a gani a faɗa. Ya sayo mata rediyo ta ba wa liman, ya sayo katifa ta shimfiɗa wa baƙi. Yau ga ta da bakinta tana roƙon kayan Turawa. Kafin ta rufe baki ya riga ya ji yadda zancen zai zauna a tasha: uwar Maiwada a kwance take wanka.

Ranar Laraba ya sa ta a gaban mota suka shiga Kano, wurin wani ɗan gwanjo mai suna Badaru, wanda ke sayen tarkacen gidajen Turawa idan za su koma ƙasarsu. Baho uku gare shi a fili, tsakanin karyayyun kujeru da wata fanka marar fiffike.

Badaru ya nufi sabon cikinsu ya shafa shi. "Iya, ga na zamani. Ba nauyi, ba tabo. Gina shi ake yi da siminti ya zauna daram a ƙasa."

Inna ta ƙwanƙwasa shi da zobenta kamar mai sayen tulu. "Gwangwani," in ji ta. "Kuma gurgu ne. Ina ƙafafunsa?"

"Ai an daina yayin ƙafa, Iya."

"Kai ka daina yayin taka?"

Na biyun yana da ƙafa, amma gajeru. Tsohuwa ta tattare zane ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashinsa har kafaɗa, ta auna tsakaninsa da ƙasa da ɗani, ta girgiza kai.

"Ɓera kike nema, Iya?"

"Ina duba inda tsintsiya za ta shiga. Ku maza ba ku san shara ba."

Na ukun yana can jikin katanga, tsoho, farinsa ya ɓanɓare a baki wuri biyu, ruwan sama ya taru a ciki har da 'yan kwaɗi. Amma ƙafafunsa dogaye ne, kowane dagi ya damƙe wani dunƙulen ƙarfe kamar zaki ya kama goriba. Ta auna: ɗani ɗaya da yatsa huɗu. Ta buga masa zobe, ya amsa da murya mai kauri, ya daɗe yana amsawa.

"Wannan ƙarfen zai jure zafi?"

"Ƙarfen zubi ne, Iya. Jikokinki ma sai sun gaji da shi."

Maiwada ya matso yana raɗa. "Inna, dubi bakinsa duk ya zube. Me mutane za su ce? Ga sabo can."

"Ni ma bakina ya zube, Direba, ka taɓa canza ni? Shi nake so."

Ƙarti takwas ne suka ɗora shi a mota. Da suka iso Ajingi bayan la'asar, unguwa ta fito kallo. Wani ya ce jirgin ruwa ne, wani ya ce ina ruwan da zai bi. Malam Bappa, dattijon da ke zama a ƙofar masallaci, ya zagaya shi sau biyu da sandarsa ya ce shi dai komin shayar da dawaki ya sani, amma bai taɓa ganin wanda aka yi wa farata ba, a dai riƙa ɗaure shi kada ya gudu. Maiwada yana tsaye a gefe yana amsa barka, hularsa ta koma ƙeya.

Ya zo da siminti da niyyar a gina mata ɗakin wanka mai rufin kwano, a dasa ƙafafun a daɓe. Inna ta ce sam. A ajiye shi bayan ɗakinta a kan ƙasa tsura, a kewaye da zana, kada a rufa sama, ita tana son ganin sararin Allah. Ya ce tsufa dai, ya bi ta a haka.

Ya tafi Nguru da lodi, ita kuwa ta shiga gwaji. Ta sa mai ga-ruwa ya cika bahon, ta jera itace a ƙarƙashi tun daga kai har gindi, ta hura. Wuta ta kama kamar an yi wurin dominta. Tana tsaye tana yaba wa kanta, ruwa ya fara tururi, sai ta ji wani wari. Ashe toshiyar ramin da ke gindin bahon ta roba ce. Ta narke, ruwan ya zubo gaba ɗaya a kan garwashi, toka ta tashi ta rufe Inna tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta fito tana tari fari fat, kaji suka watse. Ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta wanke fuska ta tafi wurin Tukur masassaƙi, ya fere mata toshiya ta itacen ƙirya, ya huda ta ya sa igiya. Daga ranar ta mayar da wutar can wajen kai, nesa da ramin.

Aka kawo Talatu, bayan sati biyar ta sauka lafiya, aka sami mace. Washegari da sassafe Baiwa ta shigo da damin ganyenta da sallamarta, ta tarar da ruwa yana tafarfasa a cikin abin Turawa, Inna tana tsaye a kansa da nata damin.

"Inna, ai ni aka ce..."

"Ke aka ce. Ga bokiti can, in ya ragu ki ƙaro. Ki turo itacen nan ciki."

Rana ta uku Maiwada ya dawo da hantsi, tare da abokansa direbobi biyu da suka zo barka, waɗanda ya cika wa kunne tun daga Nguru. Ya zaunar da su a zaure ya ce bari ya ga ko Inna ta fito, su leƙa su ga abin da idonsu. Yana shiga tsakar gida ya ga hayaƙi yana tashi daga cikin zana. Ya zabura zai yi kururuwar gobara, sai ya ji fyaɗar ganye, ya ji ihun Talatu, ya ji muryar uwarsa tana cewa, "Gyara zama, ba a mutuwa." Ya tsaya cak.

Da aka gama, Talatu ta wuce ɗaki a lulluɓe, ya leƙa. Cikin bahon na nan fari, amma ƙasansa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar gidan biki, dagin zaki huɗu sun nutse a toka.

"Inna! Murhu kika mayar da shi?"

"Da murhunsa ya zo. Ni itace kawai na sa."

"Kin ce bayanki ke ciwo."

"Yana ciwo. Ka ce kada in ɗaga tukunya. Ka ga na ɗaga? A nan ake zuba shi da sanyinsa, a nan yake tafasa, a nan mai jego take zama a gefensa. In an gama in ja igiya ya tafi abinsa." Ta ja igiyar don ya gani, sauran ruwan ya bi 'yar hanyar da ta haƙa masa zuwa gindin lemo.

Ya duba ta ko'ina bai sami inda zai kama ba. Can ya sassauta murya. "To mutanen da na ajiye a zaure fa? Na ce musu kwanciya kike yi a ciki."

"Au, ashe ba bayana ka saya wa ba." Ta dube shi ta gefen ido. "Ni in kwanta a cikin dauɗata kamar agwagwa? Je ka ce musu uwarka ce kaɗai a ƙasar Gaya take dafa ruwa a tukunyar da zakuna huɗu ke ɗauke da ita. In ba su yarda ba su zo su ɗaga."

Baiwa ta tuntsire da dariya a bayan zana. Maiwada ya sosa ƙeya, ya juya maganar a ransa, ya ga ai wannan ma ta fi waccan daɗin faɗa. "Shi ke nan," in ji shi. "Amma itacen ni zan riƙa kawowa."

Sai ga muryar Talatu daga ɗaki, a shagwaɓe. "Haba Yaya! Haka muka yi da kai? Ni fa na roƙe ka tun a Gaya ka samo mini Baiwa. Fatata za ta sale!"

Maiwada ya sunkuyar da kai ya sulale zaure. Inna ta tsaya da damin ganye a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Wata biyu tana yaƙi da ɗanta da maƙwabciyarta da kwankwasonta, ashe mai ƙarar tana cikin ɗakinta tana shan kunun kanwa.

"Ja'ira," ta ce a hankali.

Da la'asar ruwa ya sake tafasa. Ta aiki Baiwa ɗebo itace, ta leƙa hagu ta leƙa dama, sannan ta ɗebi ruwan randa ƙwarya biyu ta sirka, abin da ba ta taɓa yi wa 'yar kowa ba. Ta tsoma gwiwar hannu, ta yi tsaki, ta ƙara ta uku.

"Auta! Fito, ruwa ya yi. Kuma ki yi ihu yadda kika saba, kada ki zubar mini da mutunci a unguwa."