Ɗamarar da Mama Ta Ba da Aro

A gidanmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan, can ƙasan akwatin ƙarfen Mama, akwai wata ɗamara ta zaren rama da aka jera wa wuri. Kakar Mama ce ta saƙa ta. Aikinta guda ɗaya ne. Ranar da tsohuwa ta rasu, babbar 'yarta ce ke ɗaura ta a kan zane, ta soka ɗanyen ganye gaba da baya, ta ja sauran mata da rawa daga ƙofar gida har bakin kabari, kafin fasto ya buɗe Littafi. Mama ta ɗaura wa tata uwar. Ni ce babbar 'yarta, kuma na tashi da sanin cewa wata rana aikin nan zai faɗo kaina. Abin bai taɓa ba ni tsoro ba, alfahari ma nake yi da shi.

Matar da ta shiga tsakaninmu da wannan ɗamara, tare muka yi makarantar kwana a Kaduna. Fara ce tas, 'yar gidan manya, irin waɗanda ke kallon mutum daga takalmi su yi sama. Shekara shida ba ta kira ni da sunana ba, sai dai "'yar masu ganye". Ta taɓa tambayata a gaban aji ko gaskiya ne sai da Turawa suka zo muka san zane. Ranar da na sha ruwa da kofinta bisa kuskure, a gabana ta jefa shi cikin kwandon shara.

Bayan shekaru da dama sai ga wayarta. Har da "ƙawata". Wai yanzu tana da gidan ɗinki a Abuja, wai ita ce mai farfaɗo da al'adun da suke neman ɓacewa. Ban san wanda ya gaya mata namu sun ɓace ba. Ta zo da ƙatuwar mota da mai ɗaukar hoto, ta zube har ƙasa ta gaida Mama, gaisuwar da ni da nake 'yar gida ban taɓa yin irinta ba. Mama ta dafa faten acca da wake da riɗi, ta fito da kwanukan baƙi. Baiwar Allahn nan ta ɗauki hoton abincin ta gefe uku, ba ta kai ko cokali ɗaya baki ba. Ruwan ma nata ta sha, na roba, wanda ta taho da shi a jaka. Mama ta ce wataƙila tana da olsa.

Da ta nemi aron ɗamarar don wani bikin nuna kaya da za ta yi a Kaduna, na ja Mama zuwa kicin na ce kada ta kuskura.

Mama ta ce, "Bar shi. Tun muna yara suna mana dariya a kan ganyen nan. Yau yarinyan su ya zo da ƙafan shi yana tambaya. Aikin Ubangiji ne."

Na ƙyale ta ta bayar. Na ga cewa duk shekarun nan tsohuwar tana ɗauke da wannan dariya a ciki, kuma ta ɗauka yau aka zo ba ta haƙuri. Sau uku Mama ta yi wa matar bayani cewa kayan makoki ne, a kan zane ake ɗaurawa, kuma 'yar mamaciya ce kawai ke ɗaurawa. Ita kuwa idonta na kan waya, tana cewa, "Kai, Mama, abin nan zai yi tashe."

An aiko mana da katin gayyata mai ruwan zinari. Kafin Lahadi duk matan zumunta na cocinmu sun ji cewa za a karrama Mama a Kaduna. Ta sa atamfar da take ajiye wa Kirsimeti, muka bi ta Kachia, muka sauka gidan ƙanena a Sabon Tasha, da rana muka nufi otal ɗin. Kujerunmu na can baya, kusa da ƙofar da masu raba abinci ke shiga da fita. Mama ta ce ba komai, nan ma ya fi iska.

Da farko dogayen riguna aka nuna, kuma duk 'yan matan da suka sa su farare ne, kamar an tankaɗe su da rariya. Sai aka canza kiɗa zuwa wasu ganguna da ban san na wace ƙasa ba ne, mai gabatarwa ya ce a shirya ganin amaryar daji.

Wata yarinya ta fito. An shafe ta da baƙin mai daga goshi har ƙafa, don launin da Allah ya ba ta bai kai baƙin da suke so mu kasance ba. Babu zane a jikinta. Ganyen roba aka soka mata, irin na kwalliyar falo, ga ɗamarar kakar Mama a kan tsirarar ƙugunta. Tana tsalle, tana zare ido, tana yaƙe haƙora. Zauren ya ɗauki dariya da tafi, wayoyi suka tashi sama. Wani Bature a layin gaba yana ta gyaɗa kai kamar ya fahimci wani abu.

Mama ta taɓo hannuna, ta ce a hankali, "Wa ya mutu?"

Mai gidan ɗinkin ce ta amsa, da ta karɓi makirfo ta ce ta gano wannan kaya ne a wani lungu mai nisa, wurin mutanen da har yanzu zamani bai kai gare su ba. Kafanchan take nufi, garin da jirgin ƙasa ke tsayawa tun ba a haifi ubanta ba. Ba ta ambaci ƙabilarmu ba, balle tsohuwar da ke zaune kusa da ƙofar masu abinci.

Na zagaya bayan dandali na kwance ɗamarar da hannuna. Yarinyar ba ta da laifi, har haƙuri ta ba ni. Uwar ɗakinta ta biyo ni tana murmushi, ta ce, "Haba ƙawata, ai talla na yi muku. Yanzu duniya ta san ku." Na dube ta, na ga har ga Allah ta yarda da abin da take faɗa. A makaranta ƙyamarmu take yi, yanzu ma ƙyamarmu take yi, kayanmu ne kawai suka fara yi mata kyau. Na tsane ta a wannan lokacin, kuma ban tuba ba har yau.

Da muka koma gida Mama ta zauna da tsohon buroshin haƙori tana wanke baƙin man daga jikin wurin da aka jera wa ɗamarar, ɗaya bayan ɗaya. Matan zumunta suka zo jin labari, ta ce musu biki ya yi kyau. Bayan kamar wata guda, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ce, "In na tafi, kar ki ɗaura abin nan. Ku yi waƙan coci kawai."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce haukan mutum ɗaya ba zai canza abin da aka gada ba. Ta girgiza kai.

"Yanzu in na tuna shi, yarinyan nan nake gani yana tsalle. Ba na so a ɗaga waya a kaina ana dariya."

Mama ta rasu bara da damina. Da aka fito da akwatin gawarta, tsofaffin matan danginmu sun riga sun tsinko ganye, suna tsaye a ƙofar gida suna jira in fito in ja su. Na fito da zane kawai. Suka dubi ƙuguna, suka dubi juna, ɗaya ta saki ganyen da ke hannunta a ƙasa. Haka muka taka har bakin kabari, ba wadda ta yi wa uwata rawa.