Wandon da Na Ƙara wa Tsawo

Akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na so ta fita. Ni tela ne a unguwar Abakpa a Kaduna, karatuna bai wuce firamare ba, kuma mutum ne ni mai yawan waswasi. Sai in kulle shago in kai bakin titi, in sake dawowa in taɓa kwaɗon.

Ɗana na fari yana ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, yana buga wa makarantarsu ƙwallon kwando. Ba shi da tsawo kamar sauran, amma shi ne mai raba ƙwallo: shi ke ɗauko ta daga baya, ya tsara wa kowa inda zai tsaya, ya miƙa wa wanda zai jefa. Wata rana ya shigo shago yana haki, ya ce sun kai wasan ƙarshe, kuma wani mutum zai zo daga ƙasar waje ya zaɓi yara biyu da za a ba gurbin karatu da wasa a can.

"Baba, wannan karon ka zo ka gan ni. Ba ka taɓa zuwa ba."

Na ce in sha Allahu.

Ranar Juma'a aka raba musu sababbin kaya. Ya ajiye jakar a ɗaki ya tafi aski. Na buɗe, na ɗaga wandon, na auna a jikina. Bai kai gwiwa ba. Ɗana zai tsaya gaban ɗaruruwan mutane, maza da mata, cinya a waje? Me zan ce wa Allah? Na ɗauki wandon da wani guntun shuɗin yadi na nufi keken ɗinki. Mahaifiyarsa ta bi ni da ido.

"Malam, ka tambaye shi?"

"Sai na nemi izini kafin in rufe wa ɗana al'aura?"

"To ai ko shuɗin ba ɗaya ba ne."

Ban saurare ta ba. Na ƙara yadi kamar faɗin tafin hannu a kowace ƙafa, na goge, na ninke, na mayar ƙasan jaka. Har ina jin daɗi a raina, wai na yi aikin lada.

Washegari da la'asar na samu wuri a benci na uku. Da yaran suka fito, nan take na gane ɗana, kowa ma ya gane shi. A ƙarƙashin rana ƙarin da na yi ya fito fili, shuɗi mai duhu a jikin shuɗi mai haske. Magoya bayan ɗaya makarantar suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Liman, huɗuba za ka yi ko wasa?" Wani dattijo a gefena ya girgiza kai ya ce, "Wane telan ne ya yi wa yaron nan wannan ɗanyen aiki?"

Alƙalin wasa ya kira kocinsu ya ce kayan 'yan ƙungiya dole su zama iri ɗaya, ya ba su minti goma su gyara.

Ga abin da ya fi cin raina har yau. Akwai reza a aljihuna, domin tela ba ya yawo babu ita. Ɗinkin nawa ne, na san inda na ɗaure zaren. Minti biyar ya ishe ni in warware shi. Abin da kawai ake buƙata shi ne in miƙe a gaban mutanen nan in ce ni ne. Ɗana ya ɗaga kai ya nemo ni a cikin jama'a, muka haɗa ido. Hannuna yana kan rezar. Na sunkuyar da kai, ban tashi ba.

Aka aro masa wandon wani ƙaton yaro daga masu jiran canji. Ya yi masa yawa, robar kuma ta saki. Mai raba ƙwallo da hannu biyu yake aiki, shi kuwa hannunsa ɗaya kullum yana ƙugu. Sau uku aka ƙwace masa ƙwallo, kowane karo sai an yi ihun "Liman!" Kafin hutun rabin lokaci koci ya zaunar da shi. Baƙon ya zaɓi yaransa biyu, ɗana ba ya ciki.

Ɗana ya dawo gida. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ci tuwonsa. Amma daga ranar a wurin wani abokinsa a Katabu yake ajiye kayan wasansa, kuma bai sake gayyata ta kallo ba.

Bai daina ba. Ya buga wa wata ƙungiya a nan Kaduna, ya koma Legas, ya karye a idon sawu, ya warke ya ci gaba. Sai bayan shekara shida wata ƙungiya a Turai ta ɗauke shi. Abin da zai samu yana ɗan sha takwas, sai da ya sha wahalar duniya kafin ya samu.

Bara na yi ƙarfin hali a waya, na ce ya yafe mini.

"Haba Baba, ai ya wuce tuntuni." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da ka tambaye ni. Ina da dogon matsattsen wando da nake sawa a ciki, yana wuce gwiwa. Tun aji uku ban taɓa shiga fili babu shi ba. Ranar nan ne kawai ban saka ba, don na ga ka riga ka ƙara tsawo. Na so ka ga na sa aikin hannunka."



Ashe tarbiyyar da nake tsoron bai ɗauka ba, ya ɗauka tun ban sani ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wa ɗanka wani abu, ka fara tambayarsa ko ya lalace. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, ka tashi ka amsa taka ce tun akwai sauran lokacin gyara.