Masu Zuwa Kallon Ruwan Bakolori

Shekarar da ruwan dam ya cinye fadamarmu ta wajen Maradun, ban daɗe da aure ba, kuma zama ya gagare ni. In fita, in dawo, in sake fita. A wannan yawon ne na lura duk Lahadi Turawan da ke aikin dam da ma'aikata daga Sakkwato kan tsaya bakin ruwa suna kallo, ba inuwa, ba wurin zama.

Na ruga wurin kawuna, masunci mai jirgi.

"Kawu, mu riƙa ɗaukar mutanen ga muna zagayawa da su."

"Kallon ruwa? Mi za su gani?"

Da ƙyar ya yarda, amma ya ce shi ba zai bar kamun kifi ba. Na kafa rumfa, na jera bencina, matata ta fara suyar kifi. Abin ya karɓu har na shiga mafarkin gina masauki. Kullum ina damun kawu ya sayar da taru mu ƙara jirgi, shi kuwa sai ya yi kamar bai ji ba.

Da aikin ya ƙare, Turawa suka tattara suka tafi. Rumfa ta koma wurin kwanan awaki. Na yi ta safa da marwa: tashar Talata Mafara ina tallar yawon kallon ruwa ga matafiya, makarantun Bakura ina roƙon malamai su kawo ɗalibai. Wasu suka zo, yawanci ba su zo ba. Kifin kawu ne ya riƙe gidan.

Wata Juma'a da la'asar wata tsohuwa ta iso da sandarta. Daga sabon matsuguni ta tako, inda aka mayar da mutanen ƙauyukan da ruwa ya shafe.

"Yaro, kai ni bisa gidanmu."

Muka tuƙa. Ta gane wurin da kan wata kuka da ya leƙo daga ruwa, ta ce mu tsaya. Ta jima tana duban ƙasa, ta yi wa iyayenta addu'a, ta wanke fuska.

Mako na zagayowa ta dawo da 'ya'yanta, daga baya maƙwabta suka biyo. Wani ya ba da gero, wani albasa. Ranakun Sallah har layi ake yi.

Ni dai ban zauna ba. Damina na wucewa na tafi ci-rani kudu, na bar wa kawu da matata rumfar. Su suka riƙe ta shekara da shekaru.