Fuskata Ta Riga Ni Sanin Ina Da Ciki

Ko na manta komai na shekarun farko na jihar Kebbi, ba zan manta ranar da goggona ta ƙwace mini man shafawa a Argungu ba.

Lokacin an dawo da mu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ina aikin buga takardu a sakatariya, wata biyar da aurena. Kwatsam sai fuskata ta feso da ƙuraje, kumatuna suka yi duhu, ni da ko a makaranta ban yi ƙurajen balaga ba. Wata abokiyar aikina ta ba ni wani mai, ta ce na bitamin A ne, shi ya gyara tata fuskar. Da na ji bitamin, ban ƙara tambayar kowa ba. Sati uku ina shafawa. Fatar tana saɓa, tana raɗaɗi in na shiga rana, amma ƙurajen sun fara bushewa, ina ta murna.

Wata Asabar na je gaishe da goggo, wadda ta tsufa tana karɓar haihuwa a asibiti. Ko zama ban yi ba ta riƙe haɓata, ta juya fuskata wajen haske.

"Ɗiyata, mi kike shafawa?"

Na ciro man daga jakata na miƙa mata. Ta sa tabarau ta karanta, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"Wanga ya zama nawa. Yaushe rabonki da al'ada?"

Na hau ƙirge da yatsu, sai na ga lokacin ya daɗe da wucewa.

Ranar Litinin ta kai ni asibiti, gwaji ya nuna cikin wata biyu. Likita ya ce ciki yana ɗaga wasu sinadaran jiki da ake kira homon, su ke sa fata maiƙo da duhu. Man kuwa yana maganin ƙuraje sosai, amma an hana mai ciki, don ana tsoron ya taɓa halittar jariri. Na tambaye shi ko na riga na yi ɓarna. Ya ce abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne, amma ba zai rantse mini cewa bai taɓa jaririn ba.

Wata bakwai na kwana na tashi da wannan magana. Ranar da na haihu, kafin in tambayi mace ko namiji, cewa na yi, "Goggo, duba mini kunnuwa da yatsu." Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce komai lafiya lau. Ƙurajen kuma da kansu suka baje bayan arba'in.

Tun daga nan na koyi cewa in fata ta canja, a fara tambayar abin da ya canja a cikin jiki. Kuma maganin da ya warkar da maƙwabciyarki, ba da jikinki aka gwada shi ba.