Tawadar da ke hawa bakin alƙalamin Fes

Mijin yayata mutum ne da ko ƙuda zai sauka a rigarsa sai ya fara goge ƙafa. Tsabta ta yi masa yawa, shi ya sa na laƙaba masa Fes tun ranar da ya fara zuwa gidanmu, sunan kuma ya bi shi har kabari. Ni kuwa Reza yake ce mini saboda bakina, ban kuma taɓa musawa ba.

Aikinsa rubuta sunaye. Shekara talatin yana zaune a ƙuryar wani dogon ofis na wata babbar makaranta, bayan kabad ɗin fayil, kusa da tagar da ba ta rufuwa duka, yana rubuta sunan duk ɗalibin da ya gama a kan takardar shaidarsa. Takarda ce mai kauri da hatimi, in ta ɓaci sai an je gaban babban akawu an yi bayani. Fes bai taɓa zuwa ba. Alƙalaminsa ɗaya tal, baƙi, irin mai shan tawada daga kwalba, bakinsa ruwan zinare da wata siririyar tsaga a tsakiya. In ya cire murfi sai ka ga fuskarka a bakin nan. Yakan ɗaga shi sama ya ce, "Alƙalami halin mai shi yake ɗauka." Ni kuma in ce, "Shi ya sa ba ya magana sai an matsa masa." Yaya ta harare ni tana danne dariya.

Ba su haihu ba. Su biyu ne a ɗaki biyu, da kujera uku, ta ukun tawa.

Yaya ta rasu bayan jinyar kwana tara. Fes bai yi kuka ba, ya dai goge takalmansa ya koma aiki. Wata guda bayan haka ya aiko a kira ni. Na same shi da hantsi a falo, labule a sake, alƙalamin a tafin hannunsa kamar ɗan tsako.

"Reza, duba."

Na duba. Tawada ta fito daga tsagar ta hau saman bakin, ta bazu siriri-siriri kamar jijiyar ganye, har ta kusa rufe zinaren.

"To sai me? Goge mana."

Ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya goge. Na gane ƙyallen, gefen ɗankwalin Yaya ne, kore mai zaren ƙyalli, wanda ta fi so. Bakin ya yi haske. Muna zaune muna kallo, ko minti ba a yi ba, shuɗin nan ya sake leƙowa daga tsagar, ya tsaya, ya ci gaba da hawa a hankali kamar mai tafiya a ɗakin da ake barci. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

"Shekara talatin bai taɓa yi ba," in ji shi. "Kwana takwas da tafiyarta ya fara. Na goge ya fi sau ɗari. Tana dawowa."

"Wa ke dawowa?"

Ya mayar da murfin, ya sa alƙalamin a aljihu.

Da a gida abin ya tsaya da da sauƙi. Amma tawadar da ta hau baki takan shafi cikin murfi, daga murfi ta shafi wurin riƙo, daga nan sai yatsa, daga yatsa sai takardar mutane. Cikin mako biyu Fes ya ɓata takarda uku. Babban akawu, wani mai tumbi da ya daɗe yana son a koma buga sunaye da na'ura, ya kira shi ya ce, "Dattijo, muna ganin girmanka. Amma ga ɗalibai ɗari biyu da arba'in suna jiran takardunsu. Ka ƙara ɓata ɗaya, mun sallame ka."

Kujerar nan ita kaɗai ta rage masa a duniya. Na san in aka raba shi da ita, bango zai zauna yana kallo. Don haka na ɗaura gyale na ja shi kamar akuya zuwa wurin mai gyaran agogo a bayan tasha, wanda ke taɓa alƙalami in ta kama. Tsoho ne mai gilashi ɗaya da yake maƙalawa a ido.

Ya juya alƙalamin, ya karkata shi wajen haske. "A ina kake ajiye shi?"

"A aljihun gaba. Nan."

"Kullum? Har in ka kwanta?"

Fes ya sunkuyar da kai.

"To ka dafa shi ke nan. Zafin jiki na kumbura iskar da ke ciki, ita kuma ta turo tawada waje. Balle in yana kwance. Da me kake gogewa?"

Ya miƙa ƙyallen da ƙyar. Tsohon ya murza shi, ya shinshina.

"Malam, wannan zaren ƙyallin ai kamar waya yake. Zo ka gani." Ya ba shi gilashin. "Ka ga zane-zanen nan? Kai ka yi su. Tawada kamar ruwan sama take, inda ta ga kwari nan take bi. Ga sabulu bai gama fita daga ƙyallen ba, sabulu kuwa sa ta gudu yake. Kuma duk sanda ka ɗora shi a kan tsagar, janyo ta kake yi sama. Kana gogewa, kana kiranta."

"Amma da ba ya yi," in ji Fes, muryarsa kamar ta yaro.

A nan ne bakina ya yi aikin da ya saba. Na ce, "Da ba ya yi don kana da baiwa a gida! Kai kana tsammani halinka ne? Kullum ka cire riga ka shige wanka, Yaya ce ke zare shi ta tsayar a kofin nan na kan taga, baki sama. Duk ƙarshen mako ta zuƙa masa ruwan sanyi ta fesar har sai ya fito fari, ta shanya shi a kan tsumma mai laushi, ta cika shi, ta mayar maka aljihu kafin ka farga. Ta ce kar in faɗa maka, wai kana jin daɗin alfaharin. Babu aljani, babu fatalwa, ƙazanta ce kawai ta gwauro!"

Mai gyara ya yi dariya har gilashinsa ya faɗo. Fes bai yi ba. Ya dube ni kamar na sake zuwa masa da labarin rasuwar.

Tsohon ya goge zanen da wani gari mai laushi, ya daidaita haƙoran bakin biyu, ya wanke shi tas. Ya ce a tsayar da shi baki sama, a raba shi da jiki in ba rubutu ake ba, a riƙa wankewa da ruwan sanyi zalla, in za a goge a bi gefe, kar a taɓa tsagar. Ya ce in ta ƙi, a canja tawada zuwa mai kauri kaɗan. Ƙyallen kuwa a mayar da shi akwati.

Magani ya ci. Kwana goma sha ɗaya bakin nan yana walƙiya. Fes ya rubuta takarda ɗari da casa'in babu ɗigo, babban akawu har ya fara gaishe shi da fara'ar dole. Ni ina ta yabon kaina.

Sai dai mutumin ya daina cin abinci. In na kai masa, washegari in tarar da kwanon yadda na bar shi. Ya daina ce mini Reza, sai "ƙanwata", abin da bai taɓa yi ba. Yana dawowa daga aiki ya tsayar da alƙalamin a kofi, ya ja kujera ya zauna gabansa. Jim kaɗan ya buɗe murfi ya duba, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ɗakin ya yi wani irin shiru, ko ranar da aka fitar da Yaya bai yi haka ba.

Rana ta goma sha biyu na shigo da la'asar, na tarar akwatin a buɗe, koren ƙyallen a kan gwiwarsa.

"Fes, kar ka soma. Saura hamsin ka gama."

"Na sani."

"Ka ji abin da mai gyara ya ce. Zane ne da sabulu."

"Na ji. Gaskiya ya faɗa, ke ma gaskiya kika faɗa." Ya ɗora ƙyallen daidai kan tsagar, ya ja shi a hankali, sau ɗaya, sau biyu. "Amma shekara talatin tana taɓa abin nan ban sani ba. Yanzu da na sani, kike so in zauna da shi babu kowa a ciki?"

Muka zuba wa bakin alƙalamin ido. Shuɗin ya leƙo, ya tsaya, ya fara hawa. Fes ya saki ajiyar zuciya, ya gyara zama, ya ce ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba, "Kin daɗe." Sannan ya juyo. "Reza, me kika kawo? Yunwa nake ji."

Kwana uku bayan haka ya bar tambarin babban yatsansa a kan takardar wata ɗaliba. Bai jira a kira shi ba, da ƙafarsa ya je ofishin babban akawu ya ajiye makullin durowarsa. Sauran takardun na'ura ta buga su, sunaye tsaye ƙiƙam kamar sojoji.

Ya ƙara shekara shida a duniya, da tabon shuɗi a aljihun kowace riga, ya yi ƙiba har da kumatu. In na zo nakan ji shi daga bakin ƙofa yana ba da labarin abin da ya gani a hanya, yana dakatawa daidai inda Yaya ta saba sa baki. Nakan tsaya a waje sai ya kai aya, sannan in yi sallama.